Ga Yadda Za Ka Zana Taswirar Tsohon Layin Dogon Abijan da Hannunka

Wanda ya kwana biyu bai bi ta gefen digar jirgi a Adjamé ko Abobo ba, idan ya bi yau sai ya yi tambaya kafin ya gane inda yake. Tun da aka shiga share hanyar jirgin cikin gari, wato metro, wanda zai taso daga Anyama ya gangaro har Port-Bouët, tafiyar kilomita 37 a jikin tsohon layin dogo, gidaje da rumfuna da shaguna da yawa sun kwanta. Gari yana bukatar jirgin, wannan babu musu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, nan da 'yan shekaru yaron da aka haifa a Adjamé ba zai iya nuna inda kakansa ya sauko daga jirgi da jakarsa a kafaɗa ba, balle inda ake loda huhunan goro. Dattawan da suka san wuraren nan suna ta ƙarewa, wuraren ma suna bin bayansu. Shi ya sa shawarata ta wannan karo ta ɗalibai ce da malaman makaranta da samarinmu masu taɓa kwamfuta: ku zana taswirar layin nan yadda yake a da, tun da sauran masu gyara muku.

Ba sai ka sayi manhaja ba. Uku ne za su yi maka aikin: QGIS na haɗa taswira, Inkscape na ƙawata zane da rubutu, sai GIMP na gyaran hoto. Dukkansu kyauta ne, kuma ba irin kyautar ɗanɗano da ake yanke maka bayan wata guda ba. Masu su sun saki tushensu ga kowa, kana iya saukewa, ka yi aiki, ka zuba wa ɗan'uwanka a filashi, halak malak. Wannan ya fi satacciyar manhajar da ake ɗora wa mutane a kasuwa, wadda sau da yawa da cuta take shigowa kwamfuta. QGIS yana nan tun 2002, yana da Faransanci da Ingilishi, kuma idan za ka sauke, ɗauki wanda aka yi wa alamar LTR, shi ne ba ya yawan tangarɗa. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta ɗalibi ta wadatar.

Amma kafin ka kunna komai, san abin da za ka zana. Faransawa sun fara shimfiɗa dogon daga Abijan a 1904, lokacin fadar mulkinsu tana Bingerville. Faɗin digar mita ɗaya ne cif, ba kamar tsohuwar digar Najeriya mai milimita 1,067 ba. Ya isa Dimbokro a 1910, inda aka ɗora gadar ƙarfe a kan kogin N'Zi, ya kai Bouaké a 1912, Yaƙin Duniya na Farko ya tsayar da shi a nan. Sai 1934 ya shiga Bobo-Dioulasso, sai 1954 Wagadugu. An raɗa masa suna Abidjan-Niger, amma har yau bai taka Yamai ba, a Kaya ta Barkina Faso ya tsaya. Hukumar RAN ta riƙe shi daga 1960, Kwaddibuwa da Barkina Faso suka raba gari a 1989, kamfanin Sitarail ya karɓa a 1995. Da gumin mutanen da aka tilasta aka gina mafi yawansa, domin sai 1946 aka soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka. A 1910 mutanen Abbey sun yi tawaye a yankin Agboville, suka auka wa layin, kuma tashar Rubino sunan Bafaranshen da aka kashe a tawayen take ɗauke da shi. Wanda zai zana wannan layi ya kamata ya san ba ƙarfe kaɗai yake zanawa ba.

Kada ka ce za ka zana daga Abijan har Wagadugu a zama na farko, fiye da kilomita dubu ne, gajiya za ka yi ka watsar. Fara da ɗan guntun da ƙafarka ta sani: daga Adjamé, a ratsa Plateau, a haye ruwan Ebrié, a sauka Treichville. Guntun gajere ne amma tarihinsa cike yake. Kafin 1931 babu gadar da ta haɗa Plateau da tsibirin da Treichville take kai. A shekarar aka kafa gada mai shawagi a kan ruwa, jirgi ya samu hanyar kaiwa wurin sauke kaya na Port-Bouët. A 1934 fadar mulki ta tashi daga Bingerville zuwa Abijan, kuma unguwar da ake kira Anoumabo ta koma Treichville. A 1950 aka buɗe mashigin Vridi, tashar jiragen ruwa ta biyo baya a 1951, rassan dogo suka shiga cikinta. A 1957 gadar Houphouët-Boigny ta maye gurbin mai shawagi, motoci a sama, jirgi a ƙarƙashinsu. Ka ga ke nan ba taswira ɗaya ke gabanka ba, uku ne: ta kafin 1931, ta tsakanin 1931 da 1957, da ta bayan 1957. Wanda ya ɗora gadar yau a kan taswirar 1925 ya yi wa tarihi ƙage, ko da zanensa ya fi na kowa kyau.

Daga nan sai neman tsohuwar taswira. Ɗakin karatun ƙasar Faransa yana da rumbu a intanet mai suna Gallica, inda za ka rubuta sunan Abijan da Faransanci ko sunan layin ka ga abin da zai fito. Jami'ar Texas ta Amurka ta baje taswirorin da sojojin ƙasar suka buga na Afirka ta Yamma, kowa na iya saukewa. A nan gida akwai gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Plateau. Kada kuma ka raina abin da ke cikin akwatunan gidajenmu: tsohon littafin makaranta, jadawalin tashin jirgi, tikiti, rasit na lodin kaya, hoton da aka ɗauka a tasha. Idan takarda ce a hannunka, a ɗauke ta da na'urar sikana a kan ɗigo 300 zuwa 600 a kowane inci. Idan waya kawai gare ka, shimfiɗa takardar a ƙasa inda haske ya wadata, ka riƙe wayar daidai saman tsakiyarta, kada ka karkata. A GIMP ka daidaita ta, ka ƙara mata haske, amma kada ka yanke gefenta. A gefen ne shekarar bugu da ma'auni da sunan wanda ya buga suke, kuma su ne shaidarka. Ajiye hoton asali a wuri daban, ka yi aiki da kwafinsa.

Yanzu buɗe QGIS. Abu na farko, faɗa masa tsarin awon da za ka yi aiki da shi: rubuta lamba 32630 a wurin zaɓen tsari. Wannan shi ne yanki na 30 na arewa a tsarin UTM, yana ƙirga nisa da mita, kuma an yi sa'a layin gaba ɗaya, daga Treichville har Wagadugu, a cikinsa ya faɗo. Sai ka jawo taswirar OpenStreetMap ta zama shimfiɗar ƙasa. Akwai ƙarin kayan aiki mai suna QuickOSM, ka ɗora shi, ka nemi railway, zai kawo maka digar da ke aiki yau da wadda aka daina bi, gwargwadon abin da masu aikin sa-kai suka shigar. A nan ka yi hattara da kalmar gare. A bakin mutanen Abijan, gare ta Adjamé tashar mota ce, gare de Bassam da ke Treichville ma ta mota ce, ga kuma tashar jiragen ruwa na fasinja a bakin ruwa. Duba kowace alama ka tabbatar ta jirgin ƙasa ce kafin ka ɗauka.

Aikin da ya fi cin lokaci, kuma wanda ingancin taswirarka ya rataya a kansa, shi ne ɗora tsohuwar taswira a kan ta yau har su yi daidai. Kayan aikin sunansa Georeferencer, a Faransanci Géoréférenceur. Kamar yadda ake kafe fata da turaku idan za a shanya ta, haka za ka kafe tsohuwar taswirar a kan ƙasa. Za ka ga tagogi biyu. A ta farko ka danna kan wata mahaɗar tituna a tsohuwar taswira, wani ɗan akwati zai fito yana tambayar inda wurin yake, sai ka koma ta biyu ka danna kan wannan mahaɗar a taswirar yau. Turke ɗaya ke nan. Ka kafa takwas zuwa goma sha biyu, a warwatse: kusurwoyi huɗu da tsakiya, ba a cunkushe a unguwa ɗaya ba.

Treichville ta sauƙaƙa wannan aiki, domin titunanta a jere suke, masu lamba, sun gitta juna, kuma tsofaffin mahaɗunsu suna nan inda suke. Tsohon masallaci ko coci ko kusurwar tsohon gini ma turke ne mai kyau. Adjamé ta fi wuya, saboda manyan hanyoyin mota da kasuwanni sun sauya mata fuska ƙwarai, sai ka yi haƙuri ka nemi titunan da ba su gusa ba. Abin da ba za ka taɓa kafa turke a kansa ba shi ne bakin ruwa. An yi shekaru ana cike gefen ruwan Ebrié da ƙasa ana gini, wurin da kwalekwale ke tsayawa a da yanzu titi ne ko fili. Idan ka kafa a nan, taswirar gaba ɗaya za ta murɗe. Ita ma digar kanta kada ka kafa a kanta, tunda ita ce kake son ka gani ko ta gusa.

Da ka gama kafawa, zaɓi hanyar miƙewa mai suna Polynomial 1 tukuna, domin ita ba ta lanƙwasa takarda. A ƙasan tagar akwai jadawali da ke nuna kuskuren kowane turke. Wanda lambarsa ta yi wa saura nisa, koma ka duba shi, galibi mahaɗar da ke kusa ka danna a madadin wadda kake nufi. Sai takardar da ta tsufa ta yamutse ce za ka gwada mata Thin Plate Spline, ita ma da lura, domin tana iya sa kuskure ya yi kama da daidai. Bayan nan rage kaurin tsohuwar taswirar zuwa rabi yadda za ka riƙa hango ta yau a ƙarƙashinta. Idan titunan da ba ka kafa turke a kansu ba sun hau kan juna, aiki ya yi. Wani tarko kuma: tsofaffin taswirorin Faransawa da yawa daga birnin Paris suke ƙirga layukan gabas da yamma, ba daga Greenwich ba, bambancin ya kai digiri 2 da minti 20. Wanda ya kwafi lambobin gefen takarda bai lura ba, zai tarar Abijan ta yi tsalle fiye da kilomita 250.

Sai zane. Ƙirƙiri fayil irin na GeoPackage, ba Shapefile ba, domin shi Shapefile yana datse sunan gurbi a harafi goma, kuma yakan ɓata haruffanmu masu lanƙwasa. Yi shimfiɗa ɗaya ta layuka domin diga da gadoji, ɗaya ta ɗigo domin tashoshi da wuraren lodi. Kowace ka ba ta gurabe kamar haka: sunan wurin a takarda, sunan da mutane ke kiransa, shekarar farawa, shekarar dainawa, da hujja. Gurbin hujja shi ne zuciyar aikin. Duk layin da ka ja, rubuta inda ka samo shi, ko taswirar shekara kaza, ko hoto, ko bakin dattijo. Kuma kada ka ja layi ɗaya tun daga Adjamé har Treichville. Yanka shi gunduwa-gunduwa, a duk inda shekara ta sauya a yanka. Gada mai shawagi gunduwa ce mai 1931 zuwa 1957, gadar Houphouët-Boigny wata gunduwar ce daga 1957. Da haka, idan ka tace da shekara, QGIS da kansa zai fitar maka da kowace daga cikin taswirorin nan uku. Yana ma da wani ɗan agogo a sama, wanda idan ka mayar masa da shekarun zuwa kwanan wata zai nuna layin yana tsiro shekara bayan shekara, abin da yara a aji ba sa mantawa.

Za ka ci karo da littattafai biyu da suka ba tasha ɗaya shekaru biyu. Sau da yawa duka biyun gaskiya suka faɗa: ɗaya ranar da diga ta iso yake nufi, ɗaya ranar da aka buɗe wa fasinja. A Kano ma haka ne, diga ta iso a 1911, aka buɗe layin a 1912. Zaɓi ɗaya ka bi shi a ko'ina, ka rubuta a ƙasan taswira wanne ka bi. Ranar da ka faɗaɗa aikin zuwa arewa kuma, ka kula da iyakoki. Daga 1932 zuwa 1947 Faransawa sun rushe ƙasar Haute-Volta, wato Barkina Faso ta yau, Bobo da Wagadugu suna cikin Kwaddibuwa. Saboda haka taswirar 1934 ba ta da iyaka tsakanin Ferkessédougou da Bobo, sunan Barkina Faso kuwa sai 1984 ya zo.

Mafi yawan abin da na faɗa zuwa nan, Bature a Paris zai iya yinsa daga kujerarsa. Abin da ba zai iya ba, kai za ka iya, shi ne zama gaban tsofaffin fatake. Taswirorin mulkin mallaka sun nuna tasha da ma'ajiyar kaya da gidan ma'aikata, amma ba su nuna inda dillalan goro ke jiran kaya daga Anyama ba, ko gidan maigidan da baƙo daga Maraɗi ko Tawa ko Kano ke sauka, ko inda ake sauke shanun arewa a kora su zuwa Port-Bouët, ko masallacin da matafiyi ke fara sallah idan ya iso. Buga tsohuwar taswirar da girma, ka tafi da ita da fensir. Bayan gaisuwa ka ce, "Baba, don Allah nuna mini inda kuke sauka." Kada ka fara da tambayar shekara, ba da lamba dattijo ke riƙe lokaci ba. Tambaye shi ko a lokacin an gama sabuwar gada, ko kafin samun 'yancin kai ne, ko bayan rasuwar shugaba Houphouët-Boigny a 1993. Za ka ga ya ɗora yatsa a kan takarda, ya bi titi a hankali, ya tsaya, ya ce nan ne, akwai bishiya a da. Yi alama a wurin nan take, ka rubuta sunan da ya faɗa yadda ya faɗe shi. Je wurin iyayenmu mata ma, waɗanda suka yi sana'ar abinci a bakin tasha sun san ƙofofi da lokutan jirgi fiye da wasu fasinjojin. Nemi izini kafin ka naɗi murya, kuma kada ka sa sunan mutum ko gidansa a taswira sai da yardarsa.

Idan ka fita duba wuri da ido, manhajar waya irin su OsmAnd ko QField za ta ɗauki inda kake tsaye, ka shigar da shi QGIS daga baya. Amma kada ka hau diga, jiragen kaya suna bi har yanzu. Kada ka ɗauki hoton tashar jiragen ruwa ko harabar kamfanin jirgi ko filin aikin metro ba tare da izini ba. Daga bakin titi ma aikin zai yiwu.

Wajen fitar da taswira, gaskiya ta riga ado. Abin da takarda ta tabbatar ka ja shi da cikakken layi, abin da baki kaɗai ya faɗa ka ja shi da tsinke-tsinke, ka bayyana bambancin a akwatin alamomi. Launi uku ko huɗu sun isa: ruwa shuɗi mai haske, tituna toka-toka, dogo baƙi mai kauri domin shi ne ango. Sa ma'aunin nisa da kibiyar arewa da shekarar da taswirar ke nunawa, da manyan baƙaƙe. Fitar da ita daga QGIS a siffar SVG ko PDF, ka buɗe a Inkscape, a nan za ka kwantar da sunan ruwa ya bi lanƙwasar ruwa, ka matsar da sunayen da suka hau juna, ka jera tsofaffin hotuna a gefe. Amma kada ka matsar da diga ko tasha a Inkscape don zane ya yi kyau, gyaran wuri a QGIS ake yinsa. Zaɓi salon rubutu mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, irin su Noto Sans ko Andika ko Charis SIL, kuma kafin ka kai wa mai bugawa ka mayar da rubutun zane, don kada kwamfutarsa ta cika maka takarda da akwatuna. Rubuta sunan hukuma da sunan da Hausawa ke faɗa gefe da gefe, domin jikan da Faransanci kawai ya iya da kakan da bai iya ba su karanta tare.

Haƙƙin mutane kuma a kiyaye. OpenStreetMap ta yarda ka yi amfani da aikinta, sharaɗinta ka rubuta sunanta da na masu ba ta gudummawa a jikin taswira. Taswirar Google ba a yarda a kwafa daga kanta ba, ka bar ta. Kowace tsohuwar taswira ma tana da nata sharaɗin a shafin da ka samo ta, karanta shi, musamman idan sayarwa za ka yi.

Idan ka gama, kada aikin ya kwanta a kwamfutarka har ranar da za ta lalace. Ajiye kwafi a filashi biyu. Shigar da layukan a OpenHistoricalMap, inda ake tara taswirorin da tare da shekarunsu, hoton kuma a Wikimedia Commons. Buga kwafi ka kai wa makarantar unguwa da shugabannin Hausawan wurin, ka koma da ɗaya wurin dattijon da ya nuna maka, zai ƙara gyara maka wani abu. Kwamfuta da manhaja za su jira ka, amma dattawa da gefen diga ba za su jira ba, saboda haka ran Juma'ar nan bayan an sauko daga masallaci, ka tafi da takarda da fensir ka fara da su.